Mai Ciki da Taɓarya a Ƙasar Konni

A ƙasar Konni, daga cikin birni har ƙauyukan kwarin Majiya, ba a lissafa ciki cikin cututtuka. Mace ta ɗauki ciki, gobe da asuba tana bakin turmi kamar kowa. In ta faye kwanciya da hantsi, uwar miji ko wata gwaggo za ta leƙo ɗaki ta ce, "Tashi, ɗiyata, ki motsa jikinki. Wadda ba ta daka ba, ranar gwiwa za ta ji jiki." Abin da tsofaffi suka yi imani da shi ke nan: aiki yana sassauta ƙugu, yana hana ɗa ƙiba har ya gagari fita, yana kuma gajarta naƙuda. Raguwa ita ce mai shan wuya.

Daka ne gwajin farko. Mai ciki wata shida takan buɗe ƙafafu ta ba cikin wuri, ta ɗaure zane can sama da ƙirji, ta ɗan ja baya daga turmi don kada bakinsa ya taɓa ta. Taɓarya na tashi daga kafaɗa, gwiwa na ɗan lanƙwasa, numfashi na fita tare da kowane bugu. In lugude ake yi da kishiya ko facala, ita ce ke fara ajiyewa ta dafa bango, sauran su ci gaba ba tare da an ce mata komai ba. A gidan da ake zaman lafiya, da ciki ya tsufa sai a karɓe mata surfe da sussuka, a bar mata shiƙa da tankaɗe da tsinkar zogale, ayyukan da ake yi a zaune ko a tsaye ba tare da yunƙuri ba. Babu wanda ke zama ya tsara wannan rabo. Mata ne ke yin sa da ido.

Cikin fari yana da nasa sha'ani, domin kunya ce ke mulkinsa. Yarinya ba ta faɗin tana da ciki, ko ga mahaifiyarta. Takan ɓoye shi da babban mayafi, wani ɓangare don kunya, wani don tsoron baki da maita, har sai ya fito ya tona kansa. A waɗannan watanni na laulayi, lokacin da amai da jiri suka fi damunta, tana ɗaukar cikakken aikin gida don kada a gane. Wannan ɓoyo shi ne kuma ke sa da yawa ba su zuwa awon ciki sai a wata na biyar ko na shida. Amma al'adar da ta ɗora mata wannan nauyi ta yi mata tanadi a gaba: wajen wata na bakwai akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki. Can ba ta da girkin miji, ba ta da idon dangin miji, ƙannenta ke zuwa rijiya. Uwa kan sa ta shara da ɗan daka da zagayen gida, ta kuma bar ta ta yi barcin rana. A ganina wannan na cikin mafi hikimar abin da kakanni suka bari, kuma abin takaici ne da aka keɓe shi ga haihuwar fari, alhali mai ciki na bakwai, wadda jininta ya riga ya ragu, ta fi kowa bukatarsa.

Akwai kuma lokutan da aka hana ta fita. Ba ta tafiya da tsakar rana, ba ta ratsa juji ko gindin tsamiya da almuru, don gudun iskoki su taɓa abin da ke cikinta. In fitar ta zama dole, wasu kan maƙala allura ko ɗan guntun ƙarfe a gefen zane. Mutum ya yarda da iskokin ko bai yarda ba, duk wanda ya san ranar Konni a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ya san hana mai ciki fita da azahar alheri ne. Zafi mai tsanani da ƙishirwa na sa jiri, suna kuma iya tayar da ciwon mara kafin lokaci.

To me likitoci ke cewa? A wannan gaɓa sun fi kusa da tsofaffi fiye da yadda ake zato. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun shawarci mai ciki lafiyayya ta samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato kamar rabin awa a kwanaki biyar. Yin haka na rage haɗarin ciwon sukari na ciki da hawan jini da ƙiba fiye da kima, kuma ba ya jawo ɓari ga wadda cikinta ke lafiya. Ma'aunin matsakaici ba ya bukatar na'ura: in tana iya hira da abokiyar tafiyarta ba tare da numfashi ya yanke mata magana ba, tana kan daidai. Ko haihuwa a durƙushe, wadda har ta sa ake cewa mace "tana kan gwiwa", ba abin raini ba ce, don yanzu ana ƙarfafa mai naƙuda ta yi tattaki, ta kuma zaɓi yanayin da ya fi mata sauƙi maimakon a kwantar da ita rigingine.

Inda aka rabu shi ne wajen ɗaukar kowane irin aiki a matsayin motsa jiki. Mai motsa jiki tana tsayawa in ta gaji. Mai aikin gida ba ta tsayawa sai aiki ya ƙare. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma matar ƙauye a gefen Badagishiri ko Dogarawa kan sunkuya ta cicciɓe ta daga ƙasa zuwa gammo, bayan ta gama jan guga, wani lokaci da yaro goye a baya. Daga nan sai itace. Da damina ga gamanarta na jiran noma, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Da rani, a Galmi da Tsarnawa da fadamun da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, akwai aikin albasa: tsuguno na sa'o'i ana yanke ganye, ana tara shi, ana dakawa don yin gabu. Ga shi yankin ƙasar 'yan bida ne. Da an gama girbi maza da yawa sun nufi Najeriya ko Abijan ko Libiya, aikin da namiji zai rage ya dawo kan mace. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyukan Gambiya, inda damina ke haɗa yunwa da aikin gona kamar nan, ya nuna jariran da ake haifa a wannan lokaci sun fi zuwa da ƙarancin nauyi. Irin wannan mace, in aka ce mata ta ƙara motsa jiki an zalunce ta. Abin da take nema shi ne a raba mata ruwan gida biyu, a samo amalanken jaki, ta samu awa guda ta kwanta a gefen hagu da rana, ta ci ta ƙoshi, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo.

Cikin birnin Konni da Malbaza da garin Illela labarin ya juya. Injin niƙa ya karɓe daka, 'yan garuwa ko famfo sun karɓe rijiya, kabu-kabu ya karɓe tafiyar ƙasa. Matar ɗan kasuwa da ke cikin kulle na iya wuni tsakanin tabarma da kujera 'yar tsuguno, shinkafa da taliya da lemon kwalba na shiga, babu inda suke ƙonewa. Ita ce ke zuwa awo a ce jininta ya hau ko sukari ya bayyana. Tsohuwar da ke ce mata ta tashi ta motsa tana da gaskiya, sai dai turmin da take nufi ya daɗe da zama wurin zaman yara.

Abin da ya dace da ita bai saɓa wa kulle ko sutura ba. Zagayen tsakar gida bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, da wani bayan la'asar sakaliya, minti goma sha biyar kowanne, ya cika rabin awar. Shara da wanki mara nauyi suna cikin lissafi. Za ta iya dafa bango ko ƙyauren ɗaki ta tsuguna a hankali ta miƙe, sau kaɗan, in babu ciwo. Za ta iya matse naman ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar ta saki, tana zaune tana tsintar shinkafa, babu wanda ya sani, kuma yana taimakawa wajen hana ɗigar fitsari a ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Bayan ciki ya wuce rabi, ta rage daɗewa kwance rigingine, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Salla kanta motsi ce, kuma shari'a ta sauƙaƙa: wadda ruku'u ko sujada suka yi wa wuya ta yi a zaune, wadda ke tsoron azumi zai cutar da ita ko ɗanta ta sha. Kabu-kabu a kan hanya mai ramuka kuwa, abin tsoro a cikinsa faɗuwa ce, don haka in tafiyar gajeriya ce kuma da sanyin rana, ƙafa ta fi.

Akwai alamomin da ba a jira da su, a ƙauye ko a birni: zubar jini, fashewar faya kafin lokaci, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, kumburin fuska da hannuwa, haki tun ba a yi komai ba, ciwon ƙirji, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko ɗa ya rage motsi. Mai ɗayan waɗannan ta ajiye taɓarya a kai ta likita. Haka wadda aka gaya wa mabiyiya ta tare hanya, ko jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ko tagwaye take ɗauke da su, ko ta sha yin ɓari, ba ta bin shawarar kowa kan aiki sai ta ma'aikatan lafiya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki kyauta, kuma ban da likitocin gwamnati na gundumomi, asibitin Galmi na nan tun 1950.

Wurin da al'adar ta fi ciwo shi ne ranar da naƙuda ta yi tsawo. Sai a ce ragwanci ne, ko a ce zaƙi ne ya tare hanya saboda ta sha sukari da rake, a shiga jiƙa saiwoyi ana ɗura mata, ita kuma kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Alhali sau da yawa ƙugun ne bai gama girma ba don an yi mata aure da ƙuruciya, ko ɗan ne ya zo a gicciye. Daka na shekara goma ba ya faɗaɗa ƙashi. Naƙudar da ta kwana ta wuni a ɗaka ita ce ke kashe ɗa, ta bar uwa da yoyon fitsari, kuma matan da ake yi wa ɗinki a cibiyar Danja kusa da Maraɗi ba rashin aiki ya kai su can ba.

Bayan an sauka lafiya, al'ada ta sake ba mace hutun kwana arba'in na jego, wanda ya dace da lokacin da jiki ke bukata ya koma daidai. Sai dai wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa mai yawa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa a rage, mai jego kuma ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida tun kwanakin farko don kada jini ya daskare mata a ƙafa.

Yawancin waɗannan abubuwa ba a hannun mai cikin suke ba. Miji ne ke ba da izinin fita awo, shi ke biyan ɗan garuwa da kuɗin niƙa, shi ne kuma zai iya gaya wa mahaifiyarsa cikin ladabi, "Inna, a ɗauke mata rijiya har ta sauka." Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram, suka bazu zuwa sauran jihohin Nijar, a kan wannan aka kafa su: maza su zauna a inuwa su tattauna lafiyar matansu. Wanda zai tafi bida ya bar mace da ciki wata huɗu, kafin ya hau mota a tashar Konni akwai abu uku da zai iya kammalawa: wa zai ɗebo ruwa, wa zai raka ta awo, kuma kuɗin mota zuwa likita na hannun wa in naƙuda ta zo da dare.