Sigarin Lantarki Mai Shan Ruwa Ta Ƙasa: Abin Da Sabon Shiga Ya Kamata Ya Sani Game Da Koyil Da Batir

A watan Mayun 2018, 'yan kwana-kwana sun shiga wani gida da ke ci da wuta a birnin St. Petersburg na jihar Florida a Amurka, inda suka tarar da gawar wani mutum ɗan shekara 38. Binciken likitoci ya nuna cewa sigarin lantarkin da yake zuƙa ne ya fashe, ɓaraguzansa suka shige masa kai. A watan Janairun 2019 kuma wani matashi ɗan shekara 24 ya rasu a Fort Worth ta jihar Texas, bayan tasa na'urar ta fashe ta yanke masa jijiyar wuya. Rahotanni sun ce na'urorin biyu duk irin waɗanda ba su da ƙwaƙwalwar kariya ne, wato batir da waya da maɓalli kawai.

Da yawa daga cikin na'urorin da suka fito da sunan sigarin lantarki mai shan ruwa ta ƙasa, wanda masu harkar ke kira “sukwank”, irin wannan ƙirar gare su. A bidiyon TikTok da Instagram ba a ganin komai sai akwati mai kyau da tururi kamar hazo. Abin da ke cikin akwatin kuwa batir ne irin na waya, sai dai an cire masa duk matakan tsaron da ke cikin waya.

Yadda na'urar ke aiki

Sigarin lantarki na zamani ya samo asali ne a China a 2003, daga wani masanin haɗa magunguna mai suna Hon Lik. Dabarar da ake amfani da ita yau ita ce: batir ya ɗumama siririyar waya, wayar ta mayar da ruwa tururi, mutum ya zuƙa.

Daga baya masu son tururi mai yawa suka koma ɗiga ruwan da hannu a kan auduga, amma duk bayan 'yan zuƙa sai an buɗe murfi an sake ɗigawa. Wannan wahalar ce ta haifar da sukwank. A cikin akwatin, kusa da batir, akwai kwalbar roba mai taushi da ke cin mililita 6 zuwa 10. Idan aka matsa ta da yatsa ta wata 'yar taga, ruwan zai bi siririn bututu ya hau sama ya jiƙa audugar. Idan aka saki, kwalbar za ta tsotse rarar ta mayar ƙasa. Duk wanda ya san risho ya san tsarin: mai a ƙasa, lagwani a tsakiya, wuta a sama. Bambancin kawai shi ne a nan yatsa ke tura ruwan.

Da farko masu sana'ar hannu ne ke ƙera su da tsada. Sun yaɗu ne bayan Kangertech ya fitar da Dripbox a 2016, sannan Vandy Vape ya fitar da Pulse BF a 2017, dukkansu da araha.

Kai, koyil da lagwani

Ɓangaren da ake ɗaurawa a sama shi ne atomaiza, ko kan tururi. Ana murɗa shi ne a wani mahaɗi da ake kira 510. A gindinsa akwai ɗan fil na ƙarfe da wuta ke bi. Galibin kawunan suna zuwa da fil biyu a kwali, ɗaya toshe, ɗaya mai rami. Mai ramin shi ne na sukwank. Kuskuren farko na sabon shiga shi ne barin tosasshen: sai ya yi ta matsa kwalba, ruwa ya rasa hanya, ya ɓulle ta ciki ya jiƙa wurin batir. Matsawa da ƙarfi ma na sa ruwan ya yi ambaliya ta ƙofofin iska.

A cikin kan ne koyil yake, wato wayar da aka nannaɗe kamar sifirin, aka zura mata auduga a matsayin lagwani. Wayoyin da aka fi amfani da su su ne Kanthal, da Ni80, da baƙin ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L. Akwai kuma Ni200 da titaniyom, waɗanda ba a sa su sai a na'urar da ke iya auna zafin koyil ta tsayar da shi.

Kowane koyil yana da ma'aunin turjiya, wato yadda yake tare wuta, kuma da “om” ake auna shi. Waya mai kauri ko gajera turjiyarta kaɗan ce, saboda haka tana jan wuta da yawa. Idan aka ɗaura koyil biyu iri ɗaya gefe da gefe, turjiyar rabewa take yi biyu: biyu masu om 0.4 za su zama om 0.2. Nan ne mutane da dama ke faɗawa rami, domin suna zaton ƙaruwa take yi.

Saboda haka ba a kunna sabon koyil sai an ɗora kan a ma'aunin om an karanta. Bayan an rufe murfi a sake aunawa, domin idan koyil ya taɓa murfin ƙarfe wuta ta haɗe ke nan. Idan lambar tana tsalle, akwai ƙusar da ba ta ɗauru ba. Audugar da ta bushe kuma kada a kunna ta. Tururin da ke fita daga ƙonanniyar auduga da ruwan da ya wuce kima a zafi yana ɗauke da sinadarai masu guba irin su fomaldihaid.

Mai ƙwaƙwalwa da mara ƙwaƙwalwa

Na'urorin kashi biyu ne. Mai ƙwaƙwalwa tana da ɗan allon lantarki da fuska mai nuna lambobi. Ita ke karanta om, ta ƙi kunnuwa idan wuta ta haɗe, ta yanke idan an daɗe ana danne maɓalli, ta kuma tsaya idan batir ya yi ƙasa. Mara ƙwaƙwalwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da an danna, duk abin da koyil ya nema batir zai bayar, ko da hakan zai kai shi ga fashewa.

Batirin wayar hannu yana da nasa mai gadin da ke hana shi cika fiye da kima, ko zubar da wuta fiye da ƙarfinsa. Duk da haka a 2016 sai da Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda kama wuta. Idan wayar da injiniyoyi suka kewaye da kariya ta yi haka, ina ga batir tsirara da ake kai wa baki? Shi ya sa ko tsofaffin hannu a harkar ba sa ba sabon shiga shawarar farawa da mara ƙwaƙwalwa.

Lissafin da ba a tsallakewa

Batirin da aka fi sakawa shi ne 18650. Sunan girmansa ne: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Akwai manyansa, 20700 da 21700. Idan ya cika yana ba da bolt 4.2. Kowane batir yana da iyakar amfiya da zai iya fitarwa ba tsayawa ba tare da ya yi zafin haɗari ba. Samsung 25R, misali, amfiya 20 ne, yana ɗaukar mAh 2,500. Samsung 30Q yana ɗaukar mAh 3,000, amma iyakarsa amfiya 15.

A na'ura mara ƙwaƙwalwa, ana raba bolt ne da om a sami amfiya. Koyil mai om 0.5 zai ja amfiya 8.4. Mai om 0.3 zai ja 14. Waɗancan koyil biyu da suka koma om 0.2 za su ja 21, sun riga sun zarce ƙarfin 25R. Mai om 0.15 kuwa 28 zai ja, kusan ninkin abin da 30Q zai iya ɗauka. Tazarar da ke tsakanin lafiya da asibiti ba ta wuce zagaye ɗaya ko biyu na waya ba.

A mai ƙwaƙwalwa lissafin daban ne, wat ɗin da aka saita shi ne abin dubawa. Batir ya fi wahala idan cajinsa ya ja baya zuwa wajen bolt 3.2. Wat 60 a wannan matakin yana cin kusan amfiya 19, idan aka haɗa da asarar da allon ke yi ya kai wajen 20. A taƙaice, batir ɗaya mai amfiya 20 bai kamata ya wuce wat 60 ba, ko da an rubuta 100 a jikin kwali.

Jabu da tsoffin batura

Batirin 18650 na gaske galibi yana tsakanin mAh 2,000 zuwa 3,600, kuma mai ɗaukar caji da yawa ba ya iya fitar da amfiya mai yawa. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Ana kuma sake wa batura marasa ƙarfi riga, a buga musu sunan manyan kamfanoni.

Wannan batirin ba baƙo ba ne a kasuwannin waya. Shi ne a cikin tsoffin batiran laftof, da fawa bank, da tocila mai caji, kuma masu gyara kan ɓalle su su sayar ɗaiɗai. A tocila suna iya aiki lafiya, domin wutar da take ja kaɗan ce. Amma galibin na laftof ba a yi su don ko amfiya 10 ba, ga tsufa. Saka su a sigarin lantarki ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Su kansu masu ƙera baturan, irin su Samsung SDI da LG, sun yi gargaɗin cewa ba don a riƙa amfani da su tsirara a sigarin lantarki suka yi su ba. A watan Janairun 2021 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta gargaɗi jama'a su guji amfani da 18650 da aka raba da fakitinsa.

Aljihu, leda da zafi

Gangar jikin batirin gaba ɗaya ɓangare ɗaya ne na wuta, ɗan saman kansa shi ne ɗayan. Abin da ya raba su siririn zobe ne da ledar da aka naɗe shi da ita. Idan ledar ta yage, ko makulli ko tsaba ta haɗa ɓangarorin biyu a aljihu, batirin zai ɗauki zafi cikin daƙiƙu ya yi aman wuta.

Hukumar kashe gobara ta Amurka ta tattara rahoton fashewa da gobara 195 na sigarin lantarki daga 2009 zuwa 2016. Guda 61 a aljihu suka faru, 60 ana cikin zuƙa, 48 ana caji. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Tobacco Control a 2018 ya ƙiyasta cewa raunukan ƙuna da fashewa 2,035 ne suka kai mutane sashen gaggawa na asibitocin ƙasar daga 2015 zuwa 2017.

Matakan kariyar ba su da tsada. A ajiye batir a akwatinsa na roba. Wanda ledarsa ta yage ko jikinsa ya lotsa a jingine shi. A yi caji da caja ta musamman a kan siminti, ba a kan katifa ba, kuma kada a kwana ana yi. Yawancin waɗannan baturan ba a yarda a yi musu caji a zafin da ya haura digiri 45 ba. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu kan wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. A jirgin sama kuma doka ta hana saka na'urar ko batirinta a akwatin da ake aunawa. A jakar hannu ake riƙe su.

Abin da ke cikin kwalbar

Sukwank na shan ruwa sosai, shi ya sa masu amfani da shi ke zuba mai ƙarancin nikotin, miligiram 3 ko 6 a kowace mililita. Ruwan da aka yi don ƙananan na'urori kan kai 20 zuwa 50. Zuba shi a nan kan kawo jiri, tashin zuciya da bugun ƙirji. Tarayyar Turai ta ƙayyade 20 a matsayin iyaka. Ruwan kansa guba ne idan yaro ya sha.

Tunda kwalbar a buɗe take, komai ana iya zubawa, kuma nan wani haɗarin yake. Daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, hukumar CDC ta Amurka ta ƙirga mutum 2,807 da suka kamu da mummunan ciwon huhu, 68 suka mutu. An danganta yawancinsu da wani maiƙo na bitamin E da ake cuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage. Huhu ba ya jure mai.

Ko da komai ya tafi daidai, nikotin na kama mutum, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba sai wajen shekara 25. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun haramta sayar da sigarin lantarki. Indiya ta hana shi tun 2019.

Babban da ya daɗe yana shan taba, yake neman hanyar rabuwa da ita, ya fara da ganin likita. Idan har ya zaɓi na'ura, mai ƙwaƙwalwa da batir na gaske da ma'aunin om su ne mafi ƙarancin abin da zai tanada. Matashin da bai taɓa shan taba ba kuwa, babu abin da na'urar za ta ƙara masa sai kashe kuɗi da jarabar nikotin, ga kuma batirin da ke iya tashi a aljihunsa.