Taifot ɗin da Ya Gagari Magunguna Biyar a Haidarabad

A ƙarshen watan Nuwamba na 2016, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Aga Khan da ke ƙasar Pakistan suka ci karo da abin da ba su saba gani ba. Aikin nasu na yau da kullum ne. Ana ɗibar jinin mara lafiya a zuba a kwalba, a ajiye a wuri mai ɗumi har ƙwayar cutar da ke ciki ta hayayyafa. Daga nan a shafa ta a kan wani ɗan faranti, a jera wasu ƙananan takardu a kai, kowace ɗauke da magani iri guda. Washegari a duba. Inda magani ke aiki, za a ga fili fes kewaye da takardar, ƙwayar ta kasa matsowa. Inda ba ya aiki kuwa, za a tarar ta mamaye har gindin takardar.

Jinin na yara ne daga Haidarabad, wani birni na lardin Sind mai nisan kimanin kilomita 150 daga Karachi, kuma ƙwayar da ta tsiro ta zazzaɓin taifot ce. Ba ta ji kuloramfenikol ba, ba ta ji amfisilin ba, ba ta ji Septrin ba. Wannan bai ba kowa mamaki ba, domin an daɗe da sanin haka. Sifro ma ta raina shi, shi ma ba sabon labari ba ne a wannan yanki. Abin da ya tayar da hankali shi ne na biyar, allurar seftiriyazon, wadda likitoci suke komawa gare ta idan sauran sun gaza. Ita ma ta tashi a banza. Zuwa watan Satumba na 2017 an tabbatar da mutum 339 masu irin wannan taifot, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 15.

Wanda zai gane nauyin wannan labari sai ya koma 1948. Kafin wannan shekara, taifot ba shi da magani. Mutum yakan kwanta makonni yana fama da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da ciwon ciki, wani lokaci hanji ya huje, kuma cikin kowane mutum goma da suka kamu akan rasa ɗaya ko biyu. A shekarar ne wani likita Ba'amurke, Theodore Woodward, yana gwada sabon magani kuloramfenikol a Kuala Lumpur a kan wani zazzaɓi dabam, sai ya ba masu taifot, zazzaɓin ya sauka cikin kwana uku zuwa huɗu. Mace-mace suka ragu zuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Murnar ba ta daɗe ba. A 1972 annoba ta ɓarke a Meziko, mutum fiye da dubu goma suka kamu da taifot ɗin da ba ya jin wannan magani. Aka koma amfisilin da Septrin, ƙarshen shekarun 1980 ƙwayar ta gagari duka ukun a lokaci guda. Aka koma sifro, shi ma ta fara cin ƙarfinsa. Haka aka yi ta ja da baya, magani bayan magani, har aka jingina da seftiriyazon.

Masanan Aga Khan, ciki har da Farfesa Rumina Hasan, suka aika samfurin ƙwayar zuwa Cibiyar Sanger da ke kusa da Cambridge a Ingila, inda ake karanta ƙwayoyin halitta. Sakamakon da aka wallafa a farkon 2018 ya nuna cewa ƙwayar daga wata zuriya take da ake kira H58, wadda ta riga ta bazu a Asiya da gabashin Afirka. Sabon abin shi ne ta samu wani ɗan zoben ƙwayoyin gado daga wata bakteriyar dabam, mai yiwuwa E. coli da ke zaune a hanjin kowa. Bakteriya suna miƙa wa juna irin wannan zobe kamar yadda mutum zai ari layar maƙwabcinsa, kuma a jikin wannan akwai sirrin narkar da seftiriyazon tun kafin ya taɓa ta. Abin da ya rage na sha guda ɗaya ne tak, azitromaisin. In shi ma ya gaza, sai allurai masu tsada irin su merofenem, waɗanda sai an kwantar da mutum a asibiti ana ba shi ta jijiya kwana da kwanaki, abin da talaka ba ya iyawa.

Wata likitar yara, Dakta Farah Qamar, ita ta jagoranci waɗanda suka shiga unguwannin Latifabad da Kasimabad, inda cutar ta fi tsanani. Suka bi gida gida, suna tambaya, suna ɗibar ruwan sha, suna sa alamar kowane gida mai mara lafiya a kan taswira. Da suka gama, sai alamomin suka jeru a kan hanyar magudanan ƙazanta. Ruwan masai ne ke kutsawa cikin ruwan da mutane ke sha. Taifot ba ya zama a jikin dabba, ɗan Adam kaɗai yake kamawa, kuma hanyarsa ɗaya ce: daga bahayar wani zuwa bakin wani. Kowa ya san maganin wannan na dindindin, wato a raba bututun ruwa da na ƙazanta. Amma wannan aikin shekaru ne da kuɗi masu yawa, ga yara kuma suna ta kwanciya. Zuwa watan Disamba na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 5,274 masu wannan taifot a lardin Sind, galibinsu a Karachi, kuma matafiya sun riga sun kai shi Ingila da Amurka da Kanada.

Allurar rigakafin taifot ba sabuwa ba ce, tun 1896 aka fara yin ta. Sai dai ta farkon tana jigata wanda aka yi wa, waɗanda suka biyo baya kuma ƙarfinsu na 'yan shekaru ne, sannan ba sa aiki a jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu. Dalili shi ne ƙwayar taifot tana lulluɓe da wani rufi na sukari, kuma garkuwar jikin jariri ba ta riƙe kamannin sukari, ta gani ta manta. Masana suka gano dabara: idan aka ɗaure wannan sukari a jikin wani furotin da garkuwar jiki ta iya ganewa, to za ta riƙe su duka biyun, ta kuma daɗe ba ta manta ba. Masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, John Robbins da Shousun Szu da abokan aikinsu, sun haɗa irin wannan allura ta taifot, aka gwada ta a kan yara 'yan shekara biyu zuwa biyar a ƙasar Biyetnam. Sakamakon ya fito a 2001, ta kare fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Nan ne abin ke ci mini rai. Allurar da ta yi wannan nasara ba ta kai ga yaran duniya ba. Ƙasashe masu arziki sun rabu da taifot tun da suka gyara ruwansu, ba su da buƙata. Masu buƙatar kuma ba su da kuɗin da zai ja hankalin manyan kamfanonin magani. Ilimin yana nan a rubuce, shekaru suna wucewa, cutar tana kama mutum kusan miliyan 9 a shekara tana kashe kimanin 110,000, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. A duk tsawon wannan lokaci abin da ake yi shi ne a yi ta ɗura wa masu zazzaɓi magani, ƙwayar kuma tana ta koyon yadda za ta tsallake.

Wanda ya ɗauki aikin daga ƙarshe wani kamfani ne na Indiya, Bharat Biotech, wanda Krishna Ella ya kafa a 1996. Suka ɗaure sukarin taifot a jikin furotin ɗin da ake yin allurar tetanus da shi, suka sa mata suna Typbar TCV, Indiya ta ba ta lasisi a 2013. Allura ɗaya ce, kuma ana iya yi wa jariri ɗan wata shida. Ikon Allah, birnin da kamfanin yake shi ma sunansa Haidarabad, na kudancin Indiya. Wato cutar ta ɓulla a Haidarabad ɗaya, rigakafinta yana ajiye a ɗayar, a ƙasashe biyu da suka gwabza yaƙi fiye da sau ɗaya tun rabuwarsu a 1947.

Saura hujja. An san allurar tana tayar da garkuwar jiki, amma ba a tabbatar tana hana kamuwa ba, kuma gwaji a kan dubban yara yakan ci shekaru. Sai ƙungiyar Farfesa Andrew Pollard a Jami'ar Oxford ta bi wata hanya mai wuyar ji. Suka nemi manya masu ƙoshin lafiya da za su yarda a sa musu taifot da gangan, mutum 112 suka amsa. Aka yi wa wasu sabuwar allurar, wasu tsohuwar, wasu kuma allurar sanƙarau don a samu abin kwatantawa. Bayan wata guda kowa ya zo aka miƙa masa kofi, a ciki akwai ƙwayar taifot mai rai, ya shanye. Mako biyu ana ɗibar jininsu kullum, duk wanda cutar ta bayyana a jikinsa a fara ba shi magani nan take, sauran ma a ba su a ƙarshe. Cikin waɗanda ba su samu rigakafin taifot ba, kashi 77 cikin ɗari suka kamu. Cikin masu sabuwar allurar, kashi 35. Da aka ƙirga waɗanda suka yi zazzaɓi sosai kaɗai, kariyar ta kai kashi 87. Waɗannan mutane suna zaune a ƙasar da taifot ba ya damun kowa, sun sha cuta saboda yaran da ba za su taɓa gani ba, kuma ina ganin sun cancanci a riƙa tunawa da su.

Sakamakon Oxford ya fito a watan Satumba na 2017, daidai lokacin da annobar Sind ke ƙara faɗi. Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Oktoba kwamitin masanan Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar amfani da allurar, a Nuwamba ƙungiyar Gavi mai tallafa wa ƙasashe matalauta da rigakafi ta ware dala miliyan 85, ƙarshen Disamba hukumar ta amince da ingancinta. A watan Fabrairu na 2018 aka fara yi wa yaran Latifabad da Kasimabad.

Ba a sha da sauƙi ba. Pakistan ƙasa ce da ake ɗari-ɗari da allurar rigakafi, an sha kashe ma'aikatan foliyo a can, kuma labarin rigakafin bogi da hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya a Abbottabad a 2011, lokacin farautar Osama bin Laden, ya ƙara ɓata lamarin. Mu ma da muka ga yadda aka dakatar da allurar foliyo a Kano a 2003 mun san irin wannan zargi, mun kuma san ba a kawar da shi da tsawa, sai da zama da mutane da haƙuri. Duk da haka, kafin shekarar ta ƙare an yi wa yara kimanin 207,000 'yan wata shida zuwa shekara goma. Da masu bincike suka bi sawun wani rukuni daga cikinsu, suka tarar allurar ta kare kashi 95 cikin ɗari daga taifot, kashi 97 kuma daga mai gagarar maganin. Zoben da ya kare ƙwayar daga seftiriyazon bai amfane ta da komai ba a nan, domin garkuwar jiki rufin sukarin take kamawa, kuma rufin bai canza ba.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Yaron da bai kwanta ba, ba za a je kemis a sayo masa kafso ba. A Pakistan, kamar a garuruwanmu, zazzaɓi in ya wuce kwana uku akan ce taifot ne, sau da yawa bisa gwajin Widal, wanda tun 1896 ake yin sa kuma yana yawan nuna cuta inda babu. Kowane kafso da aka sha ba gaira ba dalili horo ne ga ƙwayoyin da ke hanji, irin waɗanda suka ba taifot ɗin Haidarabad makaminsa.

A watan Nuwamba na 2019 Pakistan ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa wannan allura cikin jerin rigakafin yara, ta fara da yi wa fiye da miliyan 9 a lardin Sind cikin mako biyu. Gwaje-gwajen da aka yi a Nepal da Malawi da Bangladesh duk sun nuna kariya ta kusan kashi 80 ko sama da haka. Laberiya da Zimbabuwe suka karɓa a 2021, Malawi a 2023, Burkina Faso a farkon 2025. Taifot mai gagarar magani bai bar Pakistan ba, domin manya da yaran da allurar ba ta kai gare su ba suna ci gaba da shan ruwa iri ɗaya. A 2019 kuma masu bincike a Dhaka suka ba da rahoton ƙwayar taifot da ta daina jin azitromaisin. Ita wannan tana jin seftiriyazon, ta Sind kuma tana jin azitromaisin, abin da likitoci ke tsoro shi ne ranar da ƙwaya mai halayen biyu za ta bazu.