Skyrim da sabon shiga: wasan da babu alƙalin da zai hura usur

A shagunan wasan gem na unguwar Hanwa da Tudun Wada, kamar sauran sassan birnin Zariya, ƙwallon ƙafa ce ke jan zarenta. Mutum biyu ne kan zauna gaban talabijin, su biya kuɗin wasa guda, cikin 'yan mintoci alƙali ya hura usur, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba linzamin wasa. Kowa ya san inda aka fara, kowa ya san inda za a tsaya.

Sai dai akwai wani rukunin wasanni da bai bi wannan tsari ba, wato waɗanda ake kira masu buɗaɗɗiyar duniya. A cikinsu ana ba ɗan wasa mutum guda ya riƙe, a sake shi cikin ƙasa mai faɗi, da birane da dazuzzuka da kasuwanni, a bar shi ya nufi inda ya ga dama. Wanda ya taso da wasan ƙwallo, idan ya shiga irin wannan duniya a karon farko, abu biyu kan same shi: ko dai ya rasa abin yi ya kashe kwamfuta, ko kuma ya yi nitso har ya rasa lokacin tashi.

Matasan da suka yi zamanin PlayStation 2 sun ɗan ɗanɗani abin a GTA San Andreas na shekarar 2004, inda jarumin wasan ke yin ƙiba idan ya cika cin abinci, ya kuma yi ƙwanji idan yana motsa jiki. To amma wanda ya zama zakaran gwajin dafi a wannan fanni shi ne The Elder Scrolls V: Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga watan Nuwamban 2011. A shekarar 2023 jagoran da ya tsara shi, Todd Howard, ya ce an sayar da kwafi fiye da miliyan 60.

Dalilin da ya sa wasan ya dace da ɗalibi ko ma'aikaci a Zariya ba boyayye ba ne. Tsohon samfurinsa na 2011 ba ya buƙatar babbar na'ura, domin mafi ƙarancin abin da kamfanin ya gindaya shi ne RAM mai gigabait 2 da gurbin ajiya na gigabait 6, abin da akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo ke da shi. Samfurin da aka sabunta a 2016 kuwa yana neman RAM mai gigabait 8, don haka yana da kyau mutum ya duba ƙarfin na'urarsa tun kafin ya kashe kuɗi. Kazalika wasa ne na mutum ɗaya, ba a buga shi da wasu ta intanet, saboda haka ba ya cinye data yayin da ake yinsa.

Sa'o'in farko

Labarin yana farawa ne da ɗan wasa a ɗaure cikin keken doki, ana kai shi garin Helgen domin a sare masa kai. Ana gab da zartar da hukuncin sai wani dodo mai fukafukai ya afka wa garin, kowa ya yi ta kansa. Daga nan mutum zai bi ɗaya daga cikin mutane biyu, sojan daula Hadvar ko ɗan tawaye Ralof. Sababbin 'yan wasa kan tsaya jinkiri a nan, suna zaton zaɓin zai ɗaure su da ɓangare guda har abada. Ba haka ba ne, domin daga baya ne ake yanke shawarar ɓangaren da za a mara wa baya a yaƙin basasar ƙasar, ana ma iya ƙin shiga rundunar kowa.

Da zarar an fito daga kogon Helgen, ƙasar gaba ɗaya a buɗe take. Amma baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ya fi alfanu shi ne a bi hanyar da wasan ya shimfiɗa na ɗan lokaci: ƙauyen Riverwood, sai birnin Whiterun, sai tsohuwar maƙabartar Bleak Falls Barrow. Wannan zango ne ke koyar da faɗa, ciniki, buɗe makulli da warware wasan ƙwaƙwalwa, kuma bayan an kashe dodon farko a hasumiyar yammacin Whiterun, sarkin birnin kan ba mutum sarauta da dogariya mai suna Lydia, wadda za ta riƙa taya shi faɗa da ɗaukar kaya.

Akwai wani sirri a nan da ba kowa ya sani ba. Dodanni ba sa fara kai hari a kan hanya sai bayan an kashe wancan na farko. Wanda yake jin bai shirya ba yana iya jinkirta wannan aiki, ya yi yawonsa cikin kwanciyar hankali har ya yi ƙarfi.

A kan hanyar Riverwood akwai duwatsu uku a tsaye, na mayaƙi da na mai sihiri da na ɓarawo. Taɓa ɗaya daga ciki na ƙara saurin koyon fasahohin wannan ɓangare da kashi 20 cikin 100, kuma ana iya dawowa a sauya a kowane lokaci.

Su kuwa kajin ƙauyen, a ƙyale su. Dubban 'yan wasa sun fara tarihinsu da sarar kaza a Riverwood don gwada takobi, sai ga ƙauye guda ya taso musu da gatari. Dokar ƙasar na aiki: ɗaukar abin da sunansa ya fito da jan rubutu sata ce, kuma idan dogarai suka tare mutum, mayar da takobi kube shi ke ba shi damar biyan tara ko zaman kurkuku maimakon rasa ransa. Haka nan ƙattin da ke kiwon giwaye a filin Whiterun ba sa taɓa wanda bai matso su ba, amma duka ɗaya da kulkinsu kan cilla sabon ɗan wasa sararin samaniya.

Abin da ka yi shi ka iya

Tsarin ci gaba a Skyrim ya yi kama da koyon sana'a a gaban maigida. Akwai fasahohi 18, kuma kowace na ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka yi amfani da ita. Mai yawan harbi da baka zai zama maharbi, mai yawan zama a maƙera zai zama maƙeri. Duk lokacin da matsayin mutum ya ɗaga, ana ba shi zaɓin ƙara lafiya ko juriya ko ƙarfin sihiri, tare da maki guda da zai zuba a wata fasaha.

A nan ne sabon shiga ya fi yin asara. Ganin fasahohi birjik sai ya riƙa yayyafa makinsa ko'ina, ya wayi gari bai ƙware a komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha takwas. Ya fi kyau a zaɓi hanyar faɗa ɗaya, da irin sulke ɗaya, da sana'a ɗaya, a tsaya a kansu. Daɗin daɗawa, da yawa daga abokan gaba na ƙara ƙarfi ne daidai da matsayin ɗan wasa. Wanda ya ɗaga matsayinsa da ƙira da ciniki kaɗai, ba tare da ya iya riƙe takobi ba, zai tarar 'yan fashin daji sun girme shi.

Sai batun kaya. Jarumin na fara wasa da ikon ɗaukar nauyi 300, kuma da ya haura haka sai ya kasa gudu. Kusan komai ana iya ɗauka, daga kwando da cokali har zuwa tsintsiya, kuma kwaɗayi kan sa sabon ɗan wasa ya cika jakarsa da tarkace. Ma'auni mai sauƙi shi ne a kwatanta kuɗin abu da nauyinsa: zobe da duwatsu masu daraja a ɗauka, tsohon sulken ƙarfe a bar shi inda yake. Kuɗin farko da aka tara sun fi amfani a gidan Breezehome na Whiterun, mai zinare 5,000, inda za a sami akwatin ajiya, fiye da a doki mai zinare 1,000 da zai iya mutuwa a faɗan farko.

Wuta da adana wasa

Babu shawarar da ta kai wannan muhimmanci ga mai wasa a arewacin Nijeriya. Wasan ƙwallo idan wuta ta ɗauke, minti biyar aka rasa. A Skyrim kuwa ana iya rasa aikin yini guda. A kwamfuta, maɓallin F5 ne ke adana wasa nan take, F9 kuma ya mayar da mutum wurin da ya adana. Amma dogaro da wannan kaɗai kuskure ne, saboda kowane sabon adani yana shafe na baya, kuma idan wuta ta yanke daidai lokacin da na'ura ke rubutawa, fayil ɗin na iya lalacewa. Ya kamata a riƙa yin adani na musamman kafin shiga kowane kogo da kafin kowace babbar shawara, a kuma kwafe su a filashi lokaci zuwa lokaci.

Wannan ne ma ya sa kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir ta fi na'urar da ake jonawa da talabijin sauƙin sha'ani. Mazauna Zariya ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin arewa cikin duhu fiye da mako guda. Haka kuma wasa ne da bai dace da shagon gem ba, inda ake biya bisa lokaci, kuma wani na iya zuwa ya shafe adanin wani.

Game da samun wasan, kwafin da ke yawo a filashi tsakanin abokai na iya zuwa da ƙwayar cutar kwamfuta, abin da ba ƙaramar barazana ba ce ga ɗalibin da kundin bincikensa ke cikin wannan na'ura. Halastaccen kwafi ana samunsa a dandalin Steam, wanda kan yi rangwame mai yawa a wasu lokutan shekara.

Wasan ba shi da fassarar Hausa, kuma Turancinsa cike yake da karin harshe iri-iri. Kunna rubutun zance a ƙasan allo na taimakawa ƙwarai. Ana kuma iya sassauta wahalar wasan ko a tsakiyar faɗa, ba tare da an rasa komai ba.

Abin da iyaye za su so su sani

Skyrim ba wasan yara ba ne. Hukumar tantance wasanni ta Turai, PEGI, ta sa shi a rukunin 'yan shekara 18 zuwa sama, takwararta ta Amurka kuma ta ce daga 17. Akwai zubar da jini, akwai giya, akwai sata da kisan haya.

Akwai kuma abin da Musulmi zai fi lura da shi. Duniyar wasan tana da ƙagaggun alloli tara da wuraren bautarsu, har ma rikicin hana bauta wa ɗaya daga cikinsu, Talos, na cikin musabbabin yaƙin basasar da ke labarin. Taɓa waɗannan wurare na warkar da cutar jarumi, amma ba dole ba ne, domin maganin kwalba na yin wannan aiki. Akwai wasu ayyuka na miyagun ruhohi da ake kira Daedra, ciki har da wanda ke neman a yanka abokin tafiya da wanda ke kai ga cin naman mutum. Duk ana iya ƙin karɓarsu, wasan kuma ya ci gaba. Abin da ba ya kaucuwa shi ne sihirin tsawa, wanda babban labarin ya ginu a kansa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba gara ya sani tun kafin ya saya. Mai neman duniyar da ta fi kusa da tarihin da ya sani yana iya duba Assassin's Creed Mirage na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2023, aka kuma gina shi a kan birnin Bagadaza na ƙarni na tara a zamanin daular Abbasiyya, da muryoyin Larabci, ko da yake shi ma na manya ne, kuma yana buƙatar na'ura mai ƙarfi.

Amma abin da wasan ya fi ci shi ne lokaci. Babban labarin kan ɗauki sa'o'i 30 da ɗoriya, mai son ganin komai kuwa zai haura 200, sannan akwai ƙananan ayyuka da na'ura ke ƙirƙirowa ba iyaka. Mutum zai fita kai saƙo wani gari, ya hango kogo, a cikin kogon ya tsinci wasiƙa, wasiƙar ta tura shi wani birni. Agogon cikin wasan ma na rikita lissafi, domin minti ɗaya na zahiri daidai yake da minti 20 a can, wato yini da dare na shuɗewa cikin minti 72. Wanda ya zauna bayan isha'i da niyyar yin kwana biyu kacal na wasan, ya riga ya ba da kusan sa'o'i biyu da rabi.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, matakin da ya fara aiki a watan Janairun 2022. Alamomin da ta bayyana su ne kasa sarrafa lokacin wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da illar da ta bayyana, yawanci na tsawon watanni 12. Hukumar ta ce kaso kaɗan ne na masu wasa abin ke shafa. Ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke zaune a Hanwa, wanda zai bi motar Samaru da sassafe, dabarar da ta fi aiki ita ce ya zaɓi aiki guda kafin ya kunna, ya kashe alamar sauran a jerin ayyukansa, ya saita ƙararrawar waya, ya kuma adana wasan a cikin gari maimakon a bakin kogo. Makon jarrabawa kuwa ba lokacin fara Skyrim ba ne.