Kwandansa: ɗan abin da ke kashe rediyo da caja idan wuta ta yi yawa

Jama'a masu sauraro, na Banyo da Mayo Darle da Sambolabbo, har ku da ke hayin Gembu, ga abin da shirinmu ya tattauna a wannan mako.

Kana zaune a ruga, rediyo na magana, sai ka ji "fus", ga ɗan hayaƙi da wari, shi ke nan ta yi shiru. Sau da yawa ba rediyon ce ta mutu gaba ɗaya ba. In ka buɗe bayanta za ka ga wasu 'yan gwangwanaye a tsaye. Masu gyara na kiransu kwandansa, wasu su ce kafasita. Aikinta kamar na randa ne: tana tara wuta, tana sakinta a hankali don kada na'ura ta riƙa samun wuta da tsalle-tsalle. Kowace tana da iyakar ƙarfin da za ta ɗauka, an rubuta a jikinta: 16V, 25V, 35V ko 400V. Wuta ta wuce wannan lamba, ruwan cikinta ya tafasa, kanta ya kumbura, ta fashe.

To ina wutar ke wuce iyaka? Ga makiyayi, babban dalili farantin sola ne. A kasuwa ana ce maka na bolt 12 ne, amma da tsakar rana, in ba a haɗa shi da batir ba, yana kaiwa 21 ko 22. Kai kuma ka ɗaura wayarsa kai tsaye a rediyo mai kwandansa 16V. Ina za ta kai? Don haka faranti ya bi ta kwantirola, wadda a nan ake ce wa regilata, daga nan zuwa batir, sannan kayanka su sha daga batir. A haka wutar ba ta cika wuce 14 da 'yan kai ba. Kuma ka fara haɗa batir da kwantirola kafin faranti; in za ka kwance, faranti ne farko. Mutane da yawa wannan tsarin kawai suke juyawa su yi asara.

Ɗan kasuwa mai shagon caji, naka ya fi tsada, tunda wayoyin mutane ne amana a hannunka. Wutar Kamaru bolt 220 ce, ta Najeriya 230, amma a cikin caja tana taruwa ta haura 310, shi ya sa ake sa kwandansa 400V a wurin. In ƙaramin janareta ya yi ihu ya kai 285, abin da ke isa gare ta ya wuce 400. Janareta kan yi haka lokacin da aka tayar da shi, ko aka cire masa kaya mai nauyi farat ɗaya. Saboda haka ka tayar da shi babu komai a jone, muryarsa ta daidaita, ka kunna kwan fitila ɗaya, sannan cajoji. In wutar gari ta ɗauke, zare kayanka. Dawowarta ce abin tsoro.

Akwai wani ɗan faifai, yawanci shuɗi, ana ce masa barista, za ka ga an rubuta 471 a jikinsa. Shi ke shanye bugun wuta na ƙiftawar ido, irin wanda tsawa ke jawowa a layi, kuma kun san damina a tudun Adamawa ba ta wasa da tsawa. Amma sai da fis a gabansa, domin in wutar ta daɗe a sama shi ma ƙonewa yake yi, fis ɗin ne zai tsinke ya ceci sauran. Masu ɗaure fis da zaren waya ko takardar sigari, don Allah ku bari. In hadari ya taso da ƙarfi kuwa, babu kariyar da ta kai zare filogi.

In ka kai gyara, ka ce wa mai gyara ya sa mai lambar bolt sama da tsohuwar, 25V ko 35V a wurin 16V, amma ɗaya lambar, mai µF, ta zama daidai da ta da. Ya duba zanen da ke gefenta, nan ne ƙafar ragi. In ya juya ta, za ta fashe ko da wuta ba ta yi yawa ba. Masu kai kaya Garwa, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ku nemi mai rubutun 105°C, ta fi mai 85 jure zafi.

Kada yaro ya sa yatsa cikin caja ko inbata don an zare ta. Babbar kwandansa tana riƙe wuta bayan an kashe, kuma tana iya yi masa mugun bugu.