Gwajin Man Inji: Hanyar Sanin Lokacin Juye a Ƙasar Ƙura

Gabatarwa

Garin Tambuwal yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, a kudu da shi kuma akwai ƙasar Kebbe, inda ƙauyuka da dama ba su da hanya sai ta burji da rairayi. Motocin haya da a-kori-kura masu jigilar hatsi da baburan kabu-kabu su ne ƙafafun jama'ar wannan yanki. Duk mai abin hawa a nan yana fama da tambayoyi biyu: wane mai ya dace da injinsa, kuma yaushe ya kamata ya yi juye? Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma darajar naira ta faɗi, tambayoyin suka ƙara nauyi. Wanda ya gaggauta juye ya zubar da kuɗi, wanda ya jinkirta kuwa yana iya wayar gari injinsa ya buga. Amsar tana cikin man da kansa, idan an san yadda ake bincikarsa.

Aikin Mai a Cikin Inji

Man inji yana shiga tsakanin ƙarafan da ke gugar juna ya raba su, yana rage zafi, yana wanke datti, yana kuma hana tsatsa. Shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe ba ta wuce 'yan mikron kaɗan ba, alhali kaurin gashin kai guda ya kai kimanin mikron 70. Saboda haka ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta karce fistin.

Don ƙona lita ɗaya ta fetur, inji yana shaƙar iska kimanin lita 9,000. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauke da ƙurar hamada, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Mafi yawan ƙurar nan sinadarin silika ne, wato asalin rairayi, wanda ya fi ƙarfen inji tauri. Da bazara kuma zafi yakan haura digiri 40. Masana sun lura cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yana kusan ninka saurin lalacewarsa.

Asalin Gwajin

Kamar yadda likita ke ɗibar jini don sanin halin hanta ko ƙoda ba tare da fiɗa ba, haka ake ɗibar mai don sanin halin inji ba tare da an kwance shi ba. A 1946 kamfanin jirgin ƙasa na Denver and Rio Grande a Amurka ya yi nasarar gano matsalolin injinan dizal ta hanyar auna ƙarafan da ke cikin tsohon mai. A shekarun 1950 rundunar sojan ruwan Amurka ta ɗauki dabarar don jiragen samanta. A yau manyan kamfanonin sufuri da na haƙar ma'adinai suna dogara da ita.

Ana ɗibar kimanin mililita 100 yayin da injin ke da ɗumi, a zuba a kwalba mai tsabta, a rubuta sunan man da yawan kilomitar da ya yi, sannan a aika ɗakin gwaje-gwaje.

Abubuwan da Ake Aunawa

Na farko shi ne kauri. Idan mai ya tsinke, mai yiwuwa fetur ne ke zurarewa cikinsa. Idan ya yi kauri fiye da ajinsa, zafi ko kunkunniya ne suka ɓata shi.

Na biyu shi ne garin ƙarafa, wanda ake ƙirgawa da kashi cikin miliyan. Kowane sashe na inji yana da irin ƙarfensa: baƙin ƙarfe daga bangon silinda, alminiyum daga fistin, kuromiyum daga ringi, dalma da tagulla daga boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu. Ta haka ake gane sashen da ke cinyewa tun kafin a ji ƙara.

Na uku shi ne baƙin abubuwa. Hauhawar silikon tare da alminiyum da baƙin ƙarfe alama ce ta ƙura. Sodiyum da fotashiyum kuwa suna nuna ruwan lagireto ya sami kafa.

Na huɗu shi ne ƙarfin mai na kashe asid. Farar wutar da ke cikin fetur da dizal tana haifar da asid idan ta ƙone, don haka ake zuba wa sabon mai sinadarai masu kashe shi. Idan ƙarfin nan ya ragu zuwa kusan rabi, juye ya gabato.

Abin lura shi ne launi ba ya cikin ma'aunan nan. Mai nagari yakan yi baƙi da wuri, musamman a injin dizal, domin yana riƙe dattin da ya wanko. Murza mai tsakanin yatsu ma ba ya nuna asid.

Mota Biyu, Hanya Biyu

A ɗauka akwai motoci biyu iri ɗaya, masu shan mai iri ɗaya. Ta farko tana zirga-zirga bisa kwalta tsakanin Tambuwal da Sakkwato, ta biyu tana shiga ƙauyukan Kebbe da lodi, a bayan ƙurar wasu motocin. Ko da kilomitarsu ta zo daidai, man cikinsu ba zai zama ɗaya ba. Shi ya sa littattafan motoci da yawa ke ba da wa'adi biyu, misali kilomita 10,000 ga aiki mai sauƙi da 5,000 ga mai tsanani, kuma tuƙi cikin ƙura yana cikin mai tsanani.

Gwaji ɗaya ba ya wadatarwa, sai an maimaita an kwatanta. Idan sakamako ya yi kyau sau biyu ko uku a jere, ana iya ƙara wa'adin kaɗan-kaɗan. Idan kuwa silikon ya hau, sauya mai kaɗai ba magani ba ne: a duba filtar iska da robar da ta haɗa ta da inji, domin tsaga ƙarama ta isa ta shigar da ƙura.

Zaɓen Mai

A jikin galan akan ga lamba kamar 20W-50 ko 5W-30. Ta farko tana nuna gudun man cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a digiri 100. Akwai kuma ajin inganci na API: SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Ba kullum mai kauri ne ya fi ba, domin injinan zamani suna da ƙananan kafofi waɗanda mai kauri ke jinkirin ratsawa. A bi littafin mota, a kuma guji man kwalba marar suna, domin araha ba ta ado.

Gwaji a Makaranta

Malami yana iya jagorantar ɗalibai su ɗiga tsohon mai ɗigo guda bisa takardar tacewa, su bar shi ya kwana. Idan ya bazu daidai, man yana riƙe dattinsa. Idan baƙin ya dunƙule a tsakiya, ƙarfin wankinsa ya ƙare. Haka kuma ɗigon da aka sa bisa faranti mai zafi zai yi tartsatsi idan da ruwa a cikinsa. A yi wannan nesa da fetur, a kare idanu, a kuma wanke hannu da sabulu, domin tsohon mai yana cutar da fata. Waɗannan gwaje-gwaje ba su auna ƙarafa, amma suna koya wa ɗalibi neman hujja.

Kammalawa

Direban ƙauye ba shi da ɗakin gwaji a ƙofar gida, amma ƙungiyar direbobi tana iya haɗa kwalaben motoci kaɗan daga kowace hanya ta aika da su tare, sakamakon ya amfani kowa. Kafin nan, abin da ke hannun kowane mai mota shi ne ya rubuta kilomitar kowane juye, ya bi wa'adin aiki mai tsanani, ya kuma yawaita duba filtar iska daga farkon hunturu har saukar damina.