Kafin a sa harsashi: ina rijiya, ina masai?

Idan magidanci ya zauna da mai zanen gida, lissafin ɗakuna da bulo da siminti ake yi. Rijiya da ramin masai kuwa sai an gama gini a nema musu gurbi.

Ƙazantar rami takan bi ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiya, ta jawo wa iyali kwalara da taifot, musamman a Legas da Fatakwal inda ruwa ba ya da nisa. Masana lafiya suna son tazarar mita 30 tsakaninsu, alhali fuloti mai tsawon ƙafa 100 iyakarsa ke nan.

Don haka tun a zane a sa rijiya gaba, rami can ƙurya. A kuma tambayi maƙwabci inda nasa ramin yake kafin birkila ya ja igiya.