Yadda Ake Ɗaukar Fim a Sahara Ba Tare da An Bar Ɗaki Ba

Idan ka kalli The Mandalorian, wanda ya fito a 2019, ka ga jarumin yana ratsa sahara, to yawancin wuraren nan babu wanda ya taka su. Fiye da rabin zango na farko a cikin ɗaki aka ɗauke shi a Amurka, gaban wani katafaren bango na allunan LED mai tsayin kusan mita 6 da ya kusa zagaye 'yan wasan. Kamfanin ILM ne ya haɗa shi. Manhajar Unreal Engine kuwa, wadda aka gina wasan Fortnite da ita, ita ke zana duwatsu da sararin sama nan take.

Sirrin yana jikin kyamara. Kwamfuta na bibiyar inda take da inda ta fuskanta. Da ta matsa hagu, sai hoton bango ya sauya yadda idonka zai gani in da gaske kana wurin: dutsen kusa ya gota da sauri, na nesa a hankali. Hasken allon kuma yana sauka a jikin ɗan wasa, abin da koren kyalle bai iya yi.

Bangon LED dai sai mai abin hannu, ga shan wuta, don haka ban ga Kannywood ta rungume shi nan kusa ba. Koren kyallen shi ne namu. Mai haɗa barkwancin TikTok a Illela ya san yadda Konni, da ke nan kusa, ta yi wa mutane nisa da aka rufe iyaka a Agustan 2023. Da yadi kore daga kasuwa, da CapCut, da bidiyon da aboki ya turo daga can, zai iya tsayawa a titin Konni alhali yana tsakar gidansu.

Sai dai bayanka ba zai bi kyamara ba kamar nasu, saboda haka ka kafe wayar wuri ɗaya. Ka goge yadin, ka matsa gaba da shi kamar taku biyu don kada inuwarka ta faɗa kai, kuma kada ka sa koriyar riga. Sannan ka duba ta ina rana ta fito a bidiyon da za ka ɗora. In ta dama take, hasken fuskarka ma ya zo ta dama.